Batsa a intanet: su wa ake kamawa, su wa ake ƙyalewa?

Malamar Runjin Sambo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kwana biyun nan magana ɗaya ake ta yi a nan da sauran zauruka, wai a kama 'yan TikTok masu rawar banza da ashar a kai su kotu kamar yadda ake yi a Kano. Ni uwa ce, kuma 'yan mata nake koyarwa, ba na jin daɗin abin da nake gani a wayoyin yaranmu. Amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Duk wanda ka ji an kama, in ka duba, ɗayan biyu ne: ko yarinyar da ta yi rawa ta nuna fuskarta, ko yaron da ya taɓa wani babba. To ina saurayin da ya karɓi hoton yarinya suna soyayya, da ta ƙi shi ya watsa? Ina mai cewa ta turo kuɗi ko ya saki? Ina masu cewa "turo min in gani"? Ni dai ban taɓa jin an sa wa irin waɗannan ankwa a unguwarmu ba. Masu ilimin shari'a da malamai ku faɗa mana, doka ce ba ta san da su ba, ko mu ne ba ma kai ƙara?

Baba na Kanwuri:
Wa alaikumus salam. Malama, wagga magana taki gaskiya ta, amma kak ki bari ta zan hujjar ƙyale waɗanga yara. Garin Shehu na wanga. Ɗiyar mutane ta sa tufan da ko gaban mijinta sai ta ji nauyi, ta ɗora ma duniya, tana zagin da baki ba shi iya maimaitawa, ƙannenta na kallo. In anka kama biyu anka yi musu bulala, saura na shiga hankalinsu. Tun da gwamnati ta maido da Hisba, a ba su ƙarfi su yi aiki.

Ɗan Mabera:
Allah ya ƙara girma Baba. A kama su kawai. Kano ba su fi mu kishin addini ba.

Barista:
Malama, doka ta san da su, har ma ta fi tsananta musu fiye da mai rawa. Bari in ɗan tsawaita, ku yi haƙuri.

Dokar laifukan intanet ta tarayya an sa mata hannu a 2015 zamanin Jonathan, aka yi mata gyara a farkon 2024 zamanin Tinubu. Sashe na 24 shi ne wanda aka fi kama mutane da shi. Yadda yake yanzu, wanda ya aika batsa ta waya ko kwamfuta da gangan, ko ya aika abin da ya san ƙarya ne don ya tayar da hankalin jama'a ko ya jefa rai cikin haɗari, hukuncinsa ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 7 ba, ko a haɗa masa duka. A ƙarƙashin sashen kuma akwai mai barazanar zubar wa mutum mutunci don ya tatsi kuɗi, shi nasa ya kai shekara 5. In kuwa wadda ke cikin hoton ba ta kai shekara 18 ba, magana ta koma sashe na 23: mai ɗauka da mai rabawa shekara 10, wanda aka samu ya ajiye a wayarsa kawai shekara 5. Ku lura da wannan na ƙarshe. Ba sai ka tura wa kowa ba, ajiyewar kanta laifi ce.

Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron laifukan wannan doka, kuma muna da reshenta a nan Sakkwato. Su kuma masu rawa da ashar, galibi ba da wannan doka ake kai su ba. Ana kai su kotun majistare ko kotun shari'ar Musulunci ne da dokokin jiha, a kan aikata rashin ɗa'a a bainar jama'a ko damun al'umma. Shi ya sa tasu take sauri. Bidiyon yana nan, fuskar tana nan, sau da yawa ma ba lauya, yaro ya amsa laifi a zama ɗaya a yanke hukunci. Shi kuwa mai watsa hoton yarinya sai an bi layin waya, an nemi bayani daga kamfani, an kawo takardar shaidar na'ura da sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya tanada, sannan yarinyar ta yarda ta tsaya. A wannan na ƙarshen yawancin ƙararraki suke mutuwa.

Hajiya Maman Ilham:
Barista, ta yaya za ta tsaya? Bari in ba ku abin da ya faru a layinmu bara. Yarinya mai hankali, an kawo lefe, an sa rana, har an fara rabon goro. Tsohon saurayinta ya ɗauki wasu hotuna da ta taɓa tura masa ya aika wa ƙanwar angon. Kafin magariba sun zaga unguwa. Washegari da safe muna tsaye muka ga an zo da a-kori-kura ana fitar da akwatunan lefe ɗaya bayan ɗaya, uwar yarinyar tana zaune bakin murhu ko ɗaga kai ba ta yi ba. Yarinyar ta daina zuwa Islamiyya, daga baya aka tura ta ƙauye wurin gwaggonta. Shi kuwa yaron yana nan, kullum da yamma yana majalisa ana shan shayi da shi, ba wanda ya tashi ya bar masa benci. Na ce wa uban ya kai ƙara, ya ce mini, "Hajiya, in kai wayar ɗiyata ofis a riƙa miƙa ta hannu zuwa hannu ana kallo? Wanda bai gani ba ma ya gani?" Wallahi na rasa amsar da zan ba shi.

Malamar Runjin Sambo:
Innalillahi. Irin wannan nake nufi, Hajiya. Ita an yanke mata hukunci ba alƙali, shi ko sammaci bai gani ba.

Mai gyaran waya na Tudun Wada:
Ni bari in faɗi ta ɓangarenmu, don ba duka hotunan nan saurayi ke saki ba. Mace za ta kawo waya gilashi ya fashe, a ce ta ba da lambar sirri don a gwada in an gama. Ta tafi kasuwa ta dawo. A tsakanin nan yaron shago ya shiga ma'ajiyar hotuna ya kwashe abin da ya ga dama cikin minti biyu. Matar aure ce ta ɗauki hoto don mijinta da ke ci-rani, ba ta tura wa kowa ba sai shi, rana ɗaya ta ji ana maganarta. Na taɓa korar yaro a kan haka, na same shi ya tura hotunan wata baiwar Allah cikin memorinsa, na sa ya goge a gabana na kira ubansa. Canjin gilashi ko batir ko wurin caji ba ya buƙatar lambar sirrinki. In ya ce sai ya gwada, ki tsaya a kansa ki buɗe da hannunki. Haka masu turin fina-finai da waƙoƙi, wasu har da ma'ajiya ta daban suke da ita ga wanda ya san yadda ake tambaya, kuma yaran firamare na zuwa wurinsu da memori. Ba a TikTok kaɗai ɓarnar take ba.

Ɗan Mabera:
To ita ma wa ya aike ta ɗaukar hoton? Da ba ta ɗauka ba da me za a watsa?

Malam na Gidan Igwai:
Ɗana, tsaya. Ɗaukar hoton tsiraici a tura wa wanda ba miji ba saɓo ne, ba mai musun wannan, kuma tsakaninta da Ubangijinta ƙofar tuba a buɗe take. Amma kada girman laifinta ya rufe maka ido daga wanda ya fi shi. A Suratun Nur aya ta 19 Allah ya yi alkawarin azaba mai raɗaɗi duniya da lahira ga masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai. Ita ta yi abu a ɓoye tsakanin mutum biyu. Shi ne ya fitar da shi kasuwa, kai da ka tura wa abokinka ka taya shi talla. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya rufa wa Musulmi asiri Allah zai rufa masa duniya da lahira.

Sannan masu rubuta a ƙarƙashin hoto cewa wance mazinaciya ce, su sani hoto ba ya zama shaidu huɗu. Wanda ya jefi mace da zina bai kawo shaidu huɗu ba, aya ta 4 a surar nan ta ce bulala 80, kuma ba a ƙara karɓar shaidarsa. In da gaske muke son a yi shari'a a kan abin da ke cikin waya, masu sharhin nan su ma suna cikin layi.

Baba na Kanwuri:
Allah shi gafarta Malam, na yarda. To a haɗa su dut. Amma ni tsorona shi na, in munka tsaya jiran a kama kowa, ba a kama kowa.

Ɗalibin Ɗanfodiyo:
Baba, da girmamawa, matsalar ita ce in aka ba hukuma wuƙa don yanka batsa, wuyan mai sukar gwamnati take fara nema. A watan Nuwamban 2022 kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu 'yan TikTok biyu bulala 20 kowanne, da tarar naira 10,000, da sharar harabar kotu ta kwana 30. Batsa suka yi? A'a, barkwanci suka yi a kan Ganduje yana gwamna. A wannan watan na Nuwamban 2022 dai aka ɗauke wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse aka kai shi Abuja saboda rubutu ɗaya a Twitter kan uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, sai da ɗalibai suka tayar da jijiyar wuya aka janye ƙarar. A nan gida ma, ƙarshen 2024, an gurfanar da wata matashiya kan bidiyon da ta yi game da ta'asar 'yan bindiga da halin da 'yan gudun hijira ke ciki. 'Yan sanda sun ce tunzura jama'a ta yi, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty ta ce a janye tuhumar. Kowa ya riƙe ra'ayinsa a kan kalaman da ta yi, amma ku dubi saurin da aka yi wajen gano ta. Ashe in ana so a gano mutum ana iyawa. Me ya hana a yi wannan saurin a kan yaron layin su Hajiya?

Ɗan Arkilla:
Kai ɗalibi, kada ka mayar da zancen siyasa. Zagin shugaba ba tarbiyyarmu ba ce. Mutum ya haifi kamarka, ka zauna a ɗaki ka ci masa mutunci don kana da data, sannan a ce 'yanci? Wanda aka ɓata wa suna yana da haƙƙin kai ƙara, ko gwamna ne ko mai faci.

Ɗalibin Ɗanfodiyo:
Yana da haƙƙi, Yallaɓai. Ya ɗauki lauya ya shigar da ƙarar ɓata suna ya nemi diyya kamar kowa. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a turo mota cike da jami'ai cikin dare a kan rubutu. Mai facin da ka ambata, in aka zage shi a Facebook, mota nawa za ta fita dominsa?

Barista:
Maganar ɗalibi tana da tushe a shari'a. Tsohon sashe na 24 ya haɗa har da saƙon da ke ɓata wa mutum rai ko ya ba shi haushi ko ya zama cin fuska. Wa zai auna ɓacin rai? Da wannan aka riƙa kama 'yan jarida. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2020, ta sake a 2022, cewa sashen ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, ta ce Najeriya ta gyara. Gyaran 2024 ya cire waɗancan kalmomi. Sai dai har yanzu ana kama mutane da sunan sashen, wani lokaci a kan abin da ma ba ya cikinsa yanzu. Ɗan Arkilla kuma bai yi kuskure ba, ɓata suna laifi ne a dokar jiha, 'yancin magana na sashe na 39 na tsarin mulki yana da iyaka a sashe na 45. Abin dubawa shi ne a yi wa kowa awo da mudu ɗaya.

Mai turaren wuta:
Ni ina cikin waɗanda kuke cewa a kama, don a TikTok nake sana'ata. Turaren wuta da humra nake haɗawa, ina yin bidiyo da hijabina ina nuna kaya, masu saye har daga Birnin Kebbi da Gusau da Ƙonni. Da shi nake biyan kuɗin makarantar yara uku tun rasuwar babansu. Amma akwai wanda ya taɓa rubuto mini cewa muryata fitina ce, zai kai sunana wurin hukuma in ban rufe shafin ba. Kwana biyu ban yi barci ba. Shi ya sa in na ji ana cewa "a kama su kawai" gabana ke faɗuwa. Su wa? A faɗa mana iyakar a rubuce. Tsiraici da ashar kowa ya san su, ni ma ina so a hana. Amma in aka bar shi a buɗe, duk wanda ya nemi mace ta ƙi shi ya samu sandar dukanta.

Malamar Runjin Sambo:
Allah ya sa albarka a sana'arki 'yar'uwa. Kada ki rufe komai.

Barista:
Abin da kika nema shi tsarin mulki ya ce. Sashe na 36 ƙaramin sashe na 12: ba a hukunta mutum sai laifin yana rubuce a doka, hukuncinsa ma a rubuce. Ba abin da jami'i ya ji bai yi masa daɗi ba. Mu a Sakkwato bai kamata a koya mana wannan ba. Shari'ar matar nan ta Tungar Tudu, wadda kotun Gwadabawa ta yanke wa hukuncin jefewa a 2001, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jihar nan ce ta rushe hukuncin a watan Maris na 2002, kuma cikin dalilanta har da cewa abin da ake zargi ya faru kafin dokar ta fara aiki. Alƙalan Musulunci ne suka tsaya a kan ƙa'ida, duniya na kallo.

Ku kwatanta da abin da ya faru a Kano a 2025, inda wata kotun majistare ta ba da umarnin a ɗaura wa wasu 'yan TikTok biyu aure cikin kwana 60 saboda bidiyon da suka yi tare. Ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta fito ta ce kotu ba ta da wannan hurumi, kuma gaskiyarta. Ba dokar da ta sa aure cikin jerin hukunci.

Malam na Gidan Igwai:
Ko a Musulunci aure ba horo ba ne, sai da yarda. Alƙali yana da ta'aziri, ya yi nasiha, ya tsawatar, ya ci tara, ya tsare gwargwadon laifi. Wani abu kuma da ke damuna: a kama yarinya a zaunar da ita gaban kyamara tana kuka tana neman gafara, a ɗora a intanet, har a haɗa da guntun bidiyon da aka kama ta dominsa. Wanda bai san ta ba ya je ya nemo shafinta. An kashe wutar ko an hura ta? Ko a Kano salon kamen Hisba ne ya jawo saɓani tsakanin Gwamna Abba Kabir Yusuf da Sheikh Aminu Daurawa a watan Maris na 2024, har Malam ya ajiye shugabancin Hisba kafin a sasanta ya dawo. Hisbarmu ta ɗauki darasi tun yanzu. A kira iyaye, a yi nasiha a rufe, wanda ya ƙi ji a miƙa shi ga 'yan sanda da kotu. Kuma Suratul Hujurati aya ta 12 ta hana bin diddigin asirin mutane, saboda haka tare matashi a hanya a ce buɗe wayarka mu gani ba hisba ba ce.

Ɗalibin Ɗanfodiyo:
Ko 'yan sanda ma tun Oktoban 2020 babban sufeto ya hana su binciken wayoyin mutane barkatai a kan hanya. Amma ka tambayi duk wani mai kabu-kabu ko ɗalibi ko an daina.

Ɗan Mabera:
Duk wannan dogon turanci ne. In hukuma ba za ta yi ba, mu matasan unguwa mun san gidajensu.

Malam na Gidan Igwai:
Kul! Kada in ƙara jin wannan daga bakinka. Garin nan ya ga abin da ɗaukar doka a hannu ke haifarwa. Abin da ya faru a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a watan Mayun 2022 daga saƙon murya a WhatsApp ya faro, aka rasa rai, aka sa dokar hana fita, kasuwanni suka rufe, Majalisar Sarkin Musulmi ta fito ta yi tir. Hukunci na alƙali ne, komai girman laifi. Ranar da kuka fara zuwa gidajen mutane, ba wanda ya isa ya ce muku ga inda za ku tsaya.

Shugaban zaure:
Ɗan Mabera, wannan gargaɗi ne. Sannan akwai mutum biyu da suka bi Hajiya ta akwatin sirri suna tambayar wace unguwa ce, ko hotunan suna nan. Ta turo mini shaida, na cire su daga zauren. Duk wanda ya ƙara, haka za a yi masa.

Hajiya Maman Ilham:
Kun gani ko? Ana cikin jajanta abin, wasu nema suke.

Ɗan Arkilla:
Ni a ganina a rufe TikTok ɗin gaba ɗaya a huta.

Mai gyaran waya na Tudun Wada:
Ba zai yi ba Yallaɓai. An rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wata bakwai, a lokacin ne yara suka koyi sa VPN, manhajar da ake zagaye toshewar da ita, ni da kaina na ga yadda ake layi a saka musu. Kuma irin hotunan da Hajiya ke magana ba a TikTok suke yawo ba, can ana gogewa. A WhatsApp da Telegram suke, daga waya zuwa waya, inda ba mai gani sai 'yan zauren. Za a rufe wa mai turare kasuwa ne kawai a bar masu ɓarnar.

Baban Khalifa:
Ina karantawa tun ɗazu ban sa baki ba. Ku sani ba mata kaɗai ake yi wa ba. Ƙanena ɗan shekara 19, wata ta yi ta hira da shi a Facebook da hoton kyakkyawar yarinya, ashe ƙato ne. Da ya samu abin da yake so sai ya turo masa jerin sunayen 'yan'uwanmu ya ce dubu hamsin ko ya aika musu. Yaron ya sayar da wayarsa ɗaya ya biya, aka ce ya ƙaro. Ya daina cin abinci, ya rame, mun ɗauka shawara ce. Da asuba na same shi zaune a zaure yana kuka, sannan ya faɗa mini. Na ce kada ya ƙara tura ko sisi, muka adana saƙonnin da lambar asusun, muka toshe shi. Bai saki komai ba, ya ga ba sauran abin tatsa. Amma da yaron bai yi magana ba, Allah kaɗai ya san inda za ta tsaya.

Barista:
Ka yi daidai, wanda ya biya sau ɗaya ba a barinsa. Wannan sana'a ta yi ƙarfi a ƙasar nan har kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya sanar a watan Yulin 2024 cewa ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 daga Najeriya masu wannan aiki. Akwai wasu 'yan'uwa biyu daga Legas da aka miƙa wa Amurka, kotu a can ta ɗaure kowannensu shekara 17 da wata 6 a 2024, bayan wani yaro ɗan shekara 17 a jihar Michigan ya kashe kansa saboda barazanarsu. Abin da ke ba ni takaici, sai da wanda aka cuta ya zama ɗan wata ƙasa sannan aka bi sawu har gida. 'Ya'yanmu da ake yi wa haka a Sakkwato da Gusau ba su fi ƙarfin a bi musu haƙƙi ba, kayan aikin ɗaya ne. Layin waya yana haɗe da lambar NIN, asusun banki yana haɗe da BVN. Wanda ya turo lambar asusu a biya shi ya riga ya ba da adireshinsa.

Malamar Runjin Sambo:
Barista, tambaya ɗaya da ɗalibaina za su yi mini. In yarinya ta kai ƙara, ba za a juya a ce ita ma ta aika batsa a kama ta ba?

Barista:
Ba zan ɓoye miki ba, nan akwai giɓi. Sashen ya ce wanda ya aika batsa, bai fito fili ya raba tsakanin wadda ta tura wa mutum ɗaya bisa amana da wanda ya watsa don ya tozarta ta ba. Mai gabatar da ƙara mai hankali ba zai tuhumi shaidarsa ba, amma tsoron da yaran ke ji ba na banza ba ne, kuma masu barazanar da shi suke riƙe su. Wannan aikin 'yan majalisa ne, na tarayya da na jiha, su rubuta a fili cewa watsa hoton tsiraicin mutum ba da yardarsa ba laifi ne mai zaman kansa, wanda aka watsa kuma abin karewa ne. Jihar nan ta sa hannu a dokar hana cin zarafin jama'a da dokar kare yara a 2021, saboda haka akwai inda za a ɗora.

Kafin nan, kada yarinya ta je ita kaɗai. Ta je da lauya ko da wata babba. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, da Hukumar Ba da Agajin Shari'a, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam duk ana iya farawa ta wurinsu ba tare da kuɗin lauya ba. A nemi jami'a mace ta karɓi bayanin. Tsoron da uban yarinyar can ya faɗa wa Hajiya ma akwai maganinsa a kotu: sashe na 36 na tsarin mulki ya ba alƙali dama ya fitar da 'yan kallo don kare sirrin mutane ko don wanda bai kai 18 ba. Lauya ne zai roƙa. Akwai kuma shafin StopNCII na manya da Take It Down na 'yan ƙasa da 18, suna ɗaukar tambarin hoton daga wayarki ba tare da hoton ya fita ba, kamfanonin da ke cikin tsarin irin su Facebook da Instagram da TikTok su toshe shi in an zo ɗorawa. Ba ya shiga cikin saƙonnin WhatsApp, amma yana rage yaɗuwa.

Baba na Kanwuri:
Ni har yanzu ina nan kan bakana, masu rawar tsiraici a hukunta su. Amma Hajiya, wanga yaro na layinku, in kin yarda ki ba ni sunan ubanai ta waya. Mu dattawa mu tai mu same shi. Ba shi yiwuwa shi lalata ɗiyar mutane shi zauna shan shayi.

Hajiya Maman Ilham:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Sai dai kada a je a yi irin sulhun da aka saba, a ce ya ba da haƙuri a shafa fatiha a tashi, ita tana ƙauye. Zan fara magana da uwar tukuna, don ba ni da ikon ba da sunan kowa sai da yardarsu. Barista, shekara ta kusa zagayowa, ba a makara ba?

Barista:
Ba a makara ba Hajiya, wucewar shekara ba ta kashe tuhuma irin wannan. Amma kada a ƙara jinkiri, don shekara 2 doka ta wajabta wa kamfanonin waya su adana bayanan layi, bayan nan suna iya gogewa. Ki ce musu kada su goge saƙonnin da ya turo mata, musamman in akwai na barazana, kuma kada su canza wayar. In ƙanwar angon za ta yarda ta nuna lambar da hotunan suka fito da ranar da suka shigo, ita ce babbar shaida. Hotunan kansu kada a tura mini, kada a tura wa kowa, su zauna inda suke har jami'ar da za ta yi bincike ta nema. In yarinyar ba ta cika 18 ba lokacin da aka ɗauke su, ki faɗa mini tun farko, don tuhumar za ta canza. Kuma a tambaye ta ita kanta ko tana so a yi, kada a yanke mata a bayan idonta. Ina kotu gobe har azahar, bayan nan uwar tana iya kirana ta lambar da shugaban zaure zai ba ki.